Gurbin RAM a Mac mini: Tarihin Ƙofar da Aka Yi Ta Buɗewa Ana Rufewa

A ranar 11 ga Janairun 2005, a taron Macworld na birnin San Francisco, Steve Jobs ya ɗaga wani ɗan akwati a hannu ɗaya, ya ce kwamfuta ce cikakkiya. Faɗinta inci 6.5 ta kowane gefe, tsayinta inci 2, kuɗinta dala 499. Ba ta zo da allon kallo ba, ba kibod, ba linzami. Mai saye zai haɗa ta da waɗanda yake da su a gida. Sunanta Mac mini, kuma a lokacin babu wata kwamfutar Apple da ta taɓa kai ta araha.

Arahar tana da inda aka rage. An saka mata RAM megabayit 256 kacal, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da manhajar Mac OS X Tiger, wadda ta fito watanni uku bayan haka, take buƙata don ta tashi. Wanda yake son gigabayit 1 daga kamfanin sai ya ƙara fiye da dala 300, wato sama da rabin kuɗin na'urar gaba ɗaya. A cikin akwatin kuwa akwai gurbi guda ɗaya da ke karɓar irin sandar RAM ɗin da ake sayarwa a kowane shagon kayan kwamfuta, a farashin da bai kai na Apple ba. Matsalar ita ce akwatin ba shi da noti ko ɗaya a waje. Wasu 'yan maƙalai na roba ne suka riƙe shi ta ciki. Cikin 'yan kwanaki jama'a suka gano cewa faffaɗar wuƙar nan da masu fenti ke kankare bango da ita tana shiga tsakanin murfi da gindi, ta ɓalle maƙalan. Haka wuƙar masu fenti ta zama kayan aikin gyaran kwamfutar kamfanin da ya fi kowa tinƙaho da kyawun ƙira.

Daga wannan shekara zuwa 2020, gurbin nan ya ƙaru, ya sauƙaƙa, ya ɓace, ya dawo, ya sake ɓacewa. Abin da ake ja a kai kowane zagaye shi ne lokacin yanke shawara da mai yanke ta. In akwai gurbi, duk wanda na'urar take hannunsa yana iya ƙara mata ƙarfi ranar da ya buƙata, da farashin kasuwa. In babu, mai saye na farko ne zai yanke wa duk waɗanda za su gaje ta hukunci a rana ɗaya, da farashin kamfani.

Abin da RAM yake yi

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu, kamar yadda mai shago yake da sito da kuma kanta. Faifan ajiya shi ne siton: yana da faɗi, kaya suna kwana a cikinsa ko an ɗauke wuta, amma ɗauko abu daga can yana cin lokaci. RAM shi ne kantar da ake baza abin da ake ciniki a kai yanzu, kuma da an kashe na'ura sai a share shi ƙaf. Idan kanta ta yi ƙanƙanta, mai shago zai yini yana zirga-zirga zuwa sito, masu saye suna tsaye. Wannan zirga-zirgar ita ce nauyin da ake ji idan an buɗe shafukan intanet da yawa, kwamfuta ta fara jan ƙafa alhali ba abin da ya lalace a jikinta.

Abubuwa biyu suka sa gurbin RAM ya zama mai daraja. Manhajoji suna ƙara ci kowace shekara, farashin RAM kuma, in aka dubi dogon zango, sauka yake yi. Robert Dennard na kamfanin IBM ya sami lasisin ƙirƙirar irin wannan ƙwaƙwalwa a 1968, Intel ya fito da ƙwayar 1103 a 1970, kuma tun daga nan kowane zamani yana ba da ninkin na baya a kuɗi ƙasa da na baya. Saboda haka wanda ya sayi kaɗan yau ya ƙara bayan shekara uku ya ci riba sau biyu: bai biya abin da bai buƙata ba tukuna, ranar da ya biya kuma ya biya da sauƙi.

Gardamar da ta girmi Mac mini

Saɓanin ya samo asali tun daga mutum biyu cikin waɗanda suka kafa Apple. Lokacin ƙera Apple II na 1977, Steve Wozniak ya dage sai an saka guraben ƙari guda takwas, Jobs yana ganin biyu sun isa. Wozniak ya yi nasara, kuma guraben nan suna cikin abin da ya raya na'urar shekaru masu yawa. Da Jobs ya karɓi ragamar aikin Macintosh, sai ya rama. Na'urar da ta fito a Janairun 1984 a kan dala 2,495 tana da kilobayit 128, ƙwayoyi goma sha shida liƙe da dalma a jikin babban allo, a cikin akwatin da sai da dogon sukudireba na musamman ake buɗe shi.

Andy Hertzfeld, ɗaya daga cikin masu rubuta manhajar na'urar, ya ba da labarin cewa injiniya Burrell Smith ya san kilobayit 128 ba za su kai ko'ina ba, don haka ya shimfiɗa wasu ƙarin layuka a jikin allon ba tare da ya yi shela ba, yadda mai ƙarfin hali zai iya cire ƙwayoyin ya sa manya ya kai kilobayit 512. A Satumban 1984 Apple ya fitar da samfurin 512K, ya sa wa masu tsohon dala 995 kuɗin canji. A Janairun 1985 mujallar Dr. Dobb's Journal ta buga yadda mutum zai yi aikin da kansa da ƙarfen dalma. Jobs ya bar kamfanin a Satumban wannan shekara, kuma Macintosh Plus da ya fito a Janairun 1986 ya zo da gurabe huɗu masu kaiwa megabayit 4, ko da yake sai an datse wani ɗan ƙaramin sashe a jikin allon kafin ya gane ƙarin.

Irin sandar da Plus ya yi amfani da ita an ƙirƙiro ta ne a kamfanin Wang Laboratories a farkon shekarun 1980. Daga baya ƙungiyar JEDEC, mai tsara ƙa'idojin masana'antar, ta daidaita siffa da yawan haƙoran kowane zamani na sanduna. Wannan daidaitawar ce ta haifi kasuwar: sandar Samsung ko Kingston tana zama a na'urar Dell kamar yadda take zama a ta Apple, kuma ba kamfanin da zai iya tsawwala wa abin da ake samu a shagon maƙwabci.

Shekarun murfi mai juyawa

Da Mac mini ya koma furosesan Intel a Fabrairun 2006, gurbi ya zama biyu, na gajerun sandunan SO-DIMM irin na kwamfutar tafi-da-gidanka. Amma sun nutse ƙarƙashin faifan ajiya da na'urar sidi, sai an yi aikin wuƙa sannan a kwance notuna a ɗaga rabin kayan cikin.

A Yunin 2010 aka sake ƙira. Akwatin ya zama gangar alminiyam guda, inci 7.7, a gindinsa akwai baƙin murfi zagayayye. A ɗora manyan yatsu biyu a kai, a ɗan murza, murfi ya fita, ga gurabe biyu a fili. Ba wuƙa, ba sukudireba, kuma littafin da ke zuwa cikin kwali ya nuna yadda ake yi da zane. Aikin minti biyu ne. Abin lura shi ne wannan ya faru Jobs yana raye yana shugabanci, wanda ke nuna labarin bai tsaya ga halin mutum ɗaya ba.

Samfurin Oktoban 2012 shi ne ƙololuwar wannan zamani. A dala 799 ana samun furosesa i7 mai cibiya huɗu da RAM gigabayit 4, wanda ake iya kai wa 16. Masu wayo suna sayen mafi ƙanƙanta daga Apple, su sayi sanduna biyu a kasuwa, su kuma sauya faifan ajiyar da na SSD. Na'urar ta ci gaba da karɓar sabuwar manhaja har macOS Catalina na 2019, kuma ba za ta kai nan tana da amfani ba da an bar ta da gigabayit 4 ɗin da aka haife ta da su. Kamfanonin da ke jera ɗaruruwan Mac mini a kan kantoci suna ba da hayarsu ta intanet su ma sun so ta saboda wannan dalili.

Oktoban 2014

Samfurin da ya gaje ta ya zo cikin akwati iri ɗaya sak: faɗi ɗaya, tsayi ɗaya, baƙin murfi ɗaya. Sai dai murfin ya daina juyawa. Ƙarƙashinsa akwai farantin ƙarfe da aka ɗaure da notuna masu ɗan tsinke a tsakiya, waɗanda sukudireban gida ba ya kamawa, kuma wanda ya wahala ya wuce su zai tarar babu gurbi. An liƙe RAM da dalma. Mai cibiya huɗu ma ya ɓace daga jerin. Shafin iFixit, mai auna sauƙin gyaran na'urori, ya sauke makin daga 8 zuwa 6 cikin 10.

Akwai bayanin fasaha. Irin RAM ɗin da aka sa, LPDDR3, an yi shi ne don rage cin wuta, kuma ba a yin sa a siffar sanda. Wannan hujja tana da nauyi a kwamfutar da ke rayuwa da batiri ko wadda ake son ta yi siriri. Mac mini kuwa a jikin soket yake kwana, akwatinsa bai ragu da ko milimita ɗaya ba, saurinsa kuma bai yi wani tsallen da za a ce an sayo shi da gurbin ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne an ɗauko kayan cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka na kamfanin an zuba a nan don sauƙin ƙira, kuma rufe hanyar sandunan kasuwa bai ɓata wa sashen kuɗi rai ba. A duk tarihin na'urar, nan ne mai saye ya yi asara bai sami komai a madadi ba.

Wanda ya fi shan wahala shi ne mai dala 499, wanda ya sami furosesa mai gudun 1.4, RAM gigabayit 4 da faifai mai juyawa. Apple ya ci gaba da sayar da wannan na'ura ba canji har shekara huɗu. Mutumin da ya saye ta sabuwa a tsakiyar 2018 ya kai gida kwamfutar da tun a kwali ta yi wa manhajar zamaninta kaɗan, kuma ba wani kuɗi da zai kashe ya gyara hakan. A kasuwar na hannu sai aka ga abin da ba a saba gani ba: tsohon samfurin 2012 mai cibiya huɗu yana riƙe daraja, ana nemansa fiye da wanda ya gaje shi.

A 30 ga Oktoban 2018, a wani taro a Brooklyn, gurabe biyu suka dawo, masu ɗaukar har gigabayit 64 na DDR4. Dawowar rabi da rabi ce. Kafin a kai gare su sai an cire murfi, da farantin eriya, da fanka, a turo babban allon waje gaba ɗaya, a kwance kejin ƙarfen da ya rufe sandunan, kuma Apple ya ce aikin na masu gyaran da ya amince da su ne. Duk da haka mutane sun yi ta yi a gida, domin kamfanin ya sa dala 1,400 a kan kai na'urar gigabayit 64, alhali ita kanta daga dala 799 take farawa.

Lokacin da hujjar ta zama gaskiya

A Nuwamban 2020 Apple ya saka furosesansa na kansa, M1, a cikin Mac mini. RAM ya koma zama a kan faranti ɗaya da furosesan, gefe da gefe, kuma sashen lissafi da sashen zane suna ɗiba daga tafki ɗaya maimakon kowa da nasa. Waɗanda suka buɗe na'urar sun tarar da ɗan ƙaramin allo da fili mai yawa babu komai a cikin tsohon akwatin. Wuri dai ba shi ne matsalar ba.

Wannan karon dalilin yana da tushe. Saƙon lantarki da ke gudu sau biliyoyi a daƙiƙa yana lalacewa da tsawon waya, kuma kowace mahaɗa da ya ratsa, irin haƙoran sanda da bakin gurbi, tana ƙara masa hayaniya. Matso da ƙwayoyin kusa yana ba da damar ƙara gudu da faɗaɗa hanya da ƙarancin wuta. Samfurin 2018 yana jigilar kimanin gigabayit 42 a daƙiƙa tsakanin RAM da furosesa. M1 ya kai kimanin 68, M4 na 2024 ya kai 120, M4 Pro kuma 273. Sanduna biyu na SO-DIMM ba sa iya kai wannan na ƙarshen.

Shaida mafi ƙarfi ta fito ne daga wajen Apple. Kamfanin Framework, wanda duk sunan da ya yi a kan kwamfutocin da ake kwancewa a sauya musu sassa ya yi shi, ya sanar da ƙaramar kwamfutar tebur a Fabrairun 2025 da furosesan Ryzen AI Max na AMD, kuma RAM ɗinta a liƙe yake. Kamfanin ya bayyana cewa ya nemi AMD ya duba yiwuwar sa wanda ake cirewa, aka bincika, aka ga saƙon ba zai tsira ba a kan hanya mai faɗin bit 256 a irin wannan gudu. Idan mai wa'azin gyara da kansa ya kama dalma, to akwai abin da ya fi ƙarfin son zuciya a cikin maganar.

Sai dai kimiyyar lantarki ta bayyana dalilin liƙewa ne kawai, ba ta tsara farashi ba. Daga 2020 zuwa 2024 Mac mini yana farawa da gigabayit 8, ƙarin 8 kuma dala 200 ne, kuɗin da ya ninka na kasuwa sau da yawa, ga shi babu shagon maƙwabci da za a je. A Nuwamban 2023 wani mataimakin shugaban sashen tallan kamfanin, Bob Borchers, ya kare wannan da cewa gigabayit 8 a na'urar Apple kusan daidai yake da 16 a wasu na'urori. Ba a cika shekara ba Apple ya mayar da 16 mafi ƙaranci a kwamfutocinsa, lokacin da manhajojinsa na ƙirƙirarriyar basira suka zo da nasu cin. Mac mini na Oktoban 2024, wanda ya ragu zuwa inci 5, ya zo da 16 a dala 599, farashin da mai 8 yake a jiya. Waɗanda suka sayi mai 8 bisa waccan magana suna nan da 8 ɗinsu. Ko babbar Mac Pro ba ta tsira ba: ta 2019 tana da gurabe goma sha biyu masu kaiwa terabayit 1.5, ta 2023 kuwa ta tsaya a gigabayit 192 da ba a ƙarawa.

Mai na biyu da mai na uku

Lissafin kamfani yana ƙarewa ne a kan mai saye na farko, amma kwamfuta tana wuce shi. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauya na'urorinsu bayan 'yan shekaru, kuma da yawa daga cikinsu suna ƙarewa a kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja, daga can su bazu zuwa Kano da Kaduna da sauran garuruwa. Cikin kayan akwai ƙananan akwatunan ofis, irin su ThinkCentre Tiny na Lenovo, da OptiPlex Micro na Dell, da EliteDesk Mini na HP, waɗanda girmansu bai wuce na Mac mini sosai ba, akasarinsu kuma noti ɗaya ake kwancewa a kai ga gurabe biyu. Intel ma ya yi shekara goma yana sayar da ƙaramin NUC, sau da yawa babu RAM a ciki don mai saye ya sa nasa, kafin ya miƙa wa ASUS harkar a 2023. Ga ɗalibi ko mai shagon buga takardu da ke lissafi da naira, gurbin nan shi ne ke sa na'urar shekara shida ta ƙara wasu shekaru a bakin aiki.

Irin wannan mai saye yana da 'yan abubuwan dubawa. Zamunan sanduna ba sa shiga gurbin juna: DDR3 tana da haƙora 204, DDR4 tana da 260, DDR5 tana da 262, kuma tsagar kowace a wuri dabam take, don haka wadda ta ƙi zama ba a danna ta da ƙarfi. A cikin DDR3 ma akwai mai bolt 1.5 da mai 1.35, kuma wasu na'urori ta biyun kaɗai suke karɓa. Sanduna biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba sauri, saboda furosesa yana ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda. A wajen Mac mini kuwa shekarar ƙira ita ce komai, tunda samfurin 2012 da na 2014 kamarsu ɗaya a ido: na farko yana karɓar ƙari, na biyu yadda aka same shi haka zai mutu.

Masu ƙarfen dalma ba su ƙare ba. A 2021 aka ruwaito wasu masu gyara a ƙasar Sin sun ɗaga ƙwayoyin RAM daga jikin M1 da iska mai zafi sun dasa manya, na'urar kuma ta gane su. Aiki ne na gwanaye, kuskure kaɗan yana kashe allon gaba ɗaya, garanti kuma ya tafi. Masana'antar ma tana neman tsaka-tsaki. Dell ya fito da wani faranti mai kwanciya a jikin allo ana ɗaure shi da notuna, JEDEC ta amince da shi a matsayin ƙa'ida a Disamban 2023 da sunan CAMM2, kuma a 2024 Lenovo ya sa nau'insa mai ƙarancin cin wuta a ThinkPad P1. Yana gajarta wayoyi ya kuma bar damar sauyawa, amma har yanzu na'urorin da ke ɗauke da shi kaɗan ne, kuma babu Mac a cikinsu.

A ƙarshen 2025 kuma ginshiƙin da duk dabarar saye kaɗan a ƙara daga baya ta dogara a kai ya girgiza. Kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix da Micron, su ke yin mafi yawan RAM na duniya, kuma manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun shiga sayen abin da suke ƙerawa a farashin da mai shago ba zai iya gasa da shi ba. Kuɗin sandunan DDR5 ya yi tashin gwauron zabo cikin 'yan watanni, wanda ya jira sauƙi ya tarar da tsada. A Disamban 2025 Micron ya sanar da cewa zai rufe Crucial, reshensa da tun 1996 yake sayar wa ɗaiɗaikun mutane sandunan ƙari, domin ya karkatar da kayansa ga waɗancan manyan masu saye.